RIJISTAR MARASA GALIHU TA ƘASA: YADDA AKE GANO MABUKATA DA YADDA TAIMAKO KE ISA GARE SU



 Abin da aka umurce ni in yi muku bayani a kansa yau shi ne hanyar da Gwamnatin Tarayya take bi wajen taimakon gidajen da ba su da ƙarfi, musamman babban littafin nan da ake kira Rijistar Marasa Galihu ta Ƙasa. Maganar ta shafi kowa, da mai karɓa da wanda ba ya karɓa, domin kuɗin da ake rabawa dukiyar ƙasa ce. In sun faɗa hannun wanda ya cancanta, duk mun ci riba. In kuwa sun ɓace a hanya, to, marayu da gwauraye da tsofaffi aka zalunta, kuma da kuɗinmu aka zalunce su.

YAWAN MABUKATA A ƘASAR NAN

Bari mu fara da sanin girman abin da ke gabanmu. An yi ƙidaye-ƙidaye iri iri a ƙasar nan, amma guda biyu na baya-bayan nan su ne suka fi shafar maganarmu. Na farko shi ne binciken zaman gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019. A wannan bincike an ɗauka cewa duk mutumin da abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, watau wajen naira 376 a yini, matalauci ne. Da aka auna jama'a da wannan ma'auni sai aka tarar kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya, kimanin mutum miliyan 83, suna ƙasa da shi, ban da Jihar Borno wadda rashin zaman lafiya ya hana a kammala aikin a cikinta. A karkara fiye da rabin mutane ne abin ya shafa, a birane kuwa kashi 18 cikin 100. Bambancin da ke tsakanin jihohi ma ba kaɗan ba ne: a jihohin Sakkwato da Taraba da Jigawa adadin ya haura kashi 87, alhali a Jihar Ikko bai kai kashi 5 ba.

Bincike na biyu an bayyana sakamakonsa cikin watan Nuwamba na 2022. Shi wannan bai tsaya ga kuɗin aljihu kaɗai ba. An duba lafiya, da ilmi, da yanayin muhalli kamar ruwan sha da makewayi da makamashin girki, da kuma aikin yi da masifun da ke faɗa wa gida. Ta wannan hanya aka sami mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na jama'ar ƙasa, suna cikin rashi ta fuskoki da yawa. Kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, sauran miliyan 47 a Kudu.

To, jama'a, ku dubi wannan adadi. Babu baitulmalin da zai iya ba mutum miliyan 133 kuɗi kowane wata. Tun da abin da ake da shi bai isa kowa ba, tilas a zaɓa, a fara da waɗanda suka fi kowa shan wuya. A nan ne babbar tambaya take: wa zai zaɓa, kuma da wane ma'auni?

ABIN DA AKA KOYA DAGA SHIRYE-SHIRYEN BAYA

Taimakon mabukaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun tashi mun tarar da zakka da sadaka, da gayya a gona, da adashi a tsakanin mata, da ciyayyar maƙwabta. Amma waɗannan duka suna tafiya ne bisa sanayya, domin mai unguwa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba, liman da fasto sun san wanda ciwo ya kwantar. Gwamnatin da ke Abuja kuwa ba ta san gidan kowa ba, ga ƙananan hukumomi 774, ga dubban ƙauyuka da unguwanni.

Gwamnatocin baya sun yi nasu ƙoƙari. A 1986 an kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara, da hukumar samar da aikin yi. A 1987 aka fara shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1989 aka buɗe Bankin Jama'a don ba talakawa rance ba tare da jingina ba. A 2001 aka kafa shirin kawar da talauci na ƙasa, wanda a 2007 ya soma gwada ba wasu gidaje kuɗi bisa sharaɗin su sa 'ya'yansu makaranta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya amfani wasu mutane. Sai dai kowane shiri da tasa hanyar zaɓen mutane, ba wani jerin sunaye guda da kowa ya yarda da shi. Inda babu irin wannan jeri kuwa, mai uwa a gindin murhu shi ke cin tuwo da miya. Wani ya karɓa sau uku daga wurare uku, wata tsohuwa a bayan gari ba ta ko ji labari ba.

Maganin wannan shi ne rubutu, kuma dabarar tsohuwa ce. Masana tarihin Musulunci sun san cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen masu rabo daga baitulmali da abin da kowa zai samu. A wannan zamani kuma ƙasar Meziko ta fara ba gidajen talakawa kuɗi bisa tsari a 1997, Birazil ta buɗe rijista guda ta gidajen marasa ƙarfi a 2001, ta kuma gina babban shirinta na tallafin iyali a kanta daga 2003. Daga irin waɗannan ƙasashe ne Nijeriya ta ɗauki darasi.

YADDA AKE HAƊA RIJISTAR

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta kafa ofishin daidaita ayyukan tallafin jama'a, wanda ake kira NASSCO a taƙaice, ta ɗora masa nauyin haɗa rijistar. A wannan shekara ce Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don wannan aiki da biyan tallafi. Kowace jiha tana da nata ofishi mai haɗa rijistar jiha, rijistocin jihohi su ne ake tarawa su zama ta ƙasa. Aikin yana da matakai huɗu, ina roƙo ku saurare su da kyau.

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri. Ana duba alƙaluman talauci na jiha, a jera ƙananan hukumomi daga wadda ta fi rashi zuwa wadda ta fi dama, a fara da na ƙasa. A cikin ƙaramar hukuma kuma a jera garuruwa bisa abin da suke da shi da abin da suka rasa, kamar makaranta da asibiti da hanya da ruwa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen da jama'a ke yi da kansu. Ma'aikatan ƙaramar hukuma da aka horar sukan shiga gari, su gai da shugabanni, a sa ranar taro. A ranar akan raba mutane rukuni rukuni, maza dabam, mata dabam, matasa dabam, don kowa ya sami bakin magana. Kowane rukuni zai faɗi abin da ake nufi da talauci a garinsu, domin alamar rashi a wurin masunta dabam take da ta makiyaya ko ta 'yan birni. Sa'an nan kowane rukuni ya lissafta gidajen da wannan siffa ta hau kansu. Daga baya a haɗu a gwama jerin, a karanta a gaban kowa, a daidaita, wakilan gari su sa hannu.

Mataki na uku shi ne ziyarar gida gida. Masu ɗaukar bayani za su je kowane gida da aka ambata da ƙaramar na'ura a hannu, su rubuta sunayen mutanen gidan da shekarunsu, da iyakar karatun kowa, da sana'ar mai gida, da ko akwai naƙasasshe. Za su dubi irin rufin ɗaki da daɓensa, da inda ake ɗebo ruwa, da abin da ake girki da shi, da kadarorin da aka mallaka.

Mataki na huɗu shi ne awo. In ka tambayi manomi ko ɗan tireda nawa yake samu a wata, da wuya ya iya faɗa, ko da yana so, domin samunsa ba na albashi ba ne. Amma rufin ɗaki da rijiya da yawan bakin da ake ciyarwa abubuwa ne da ido ke gani. Saboda haka masana lissafi suka duba binciken Hukumar Ƙididdiga, suka gano yadda kowace irin alama take tafiya da ƙarfin gida, suka ba kowace maki. Kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, ita ke tara makin kowane gida ta jera gidajen daga mafi rauni zuwa mai dama-dama. In wani shiri ya zo da kuɗin da zai ishi gida dubu kawai, sai a ɗauko dubun farko.

A nan akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Shiga rijista dabam, samun kuɗi dabam. Rijista rumbun sunaye ce da shirye-shirye ke ɗiba daga ciki gwargwadon ƙarfinsu. Wanda aka rubuta bai sami kome ba tukuna, kada ya ce an cuce shi, kada kuma ya ce rubutun banza ne, domin duk ranar da aka faɗaɗa shiri ko wani sabo ya zo, cikin wannan rumbu za a duba.

ABIN DA AKA BIYA ZUWA YANZU

Biyan farko ya soma ne a ƙarshen 2016 da farkon 2017 a jihohi 9, aka yi ta ƙara wasu a hankali. Abin da aka tsara a lokacin shi ne naira 5,000 a wata ga kowane gida, ana haɗa na wata biyu a biya naira 10,000. A galibin gidaje uwar gida aka rubuta a matsayin mai karɓa, domin an lura a ƙasashe da yawa cewa kuɗin da ya shiga hannun uwa ya fi saurin zama abinci da magani da littafin makaranta. An kuma ƙarfafa wa masu karɓa su haɗa ƙungiyoyin ajiya irin na adashi, su riƙa jefa wani abu don jari.

Cikin Disamba na 2017 Nijeriya da ƙasar Suwizalan da Bankin Duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar dawo da kimanin dala miliyan 322 daga dukiyar da aka fitar a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, bisa sharaɗin a raba su ga talakawa ta wannan shiri, ƙungiyoyin farar hula kuma su sa ido. A 2019 aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da ayyukan jin ƙai. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe kasuwanni, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a ƙara gida miliyan 1 a kan miliyan 2.6 da ke rijista a lokacin. Annobar ta nuna wani giɓi: rijistar ta fi ƙarfi a karkara, alhali 'yan dako da masu tura baro da masu sayar da abinci a birane su ne suka fara rasa na tuwo. Don haka a farkon 2021 aka buɗe wata rijistar gaggawa domin talakawan birane, wadda aka yi amfani da wayar hannu wajen haɗa ta. A ƙarshen wannan shekara Bankin Duniya ya amince da ƙarin rancen dala miliyan 800 don faɗaɗa aikin.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, farashin sufuri da na abinci suka tashi. Cikin Oktoba na wannan shekara aka ƙaddamar da shirin ba gida miliyan 15 naira 25,000 sau uku, watau naira 75,000 ga kowane gida. Duk wanda ya yi lissafi zai ga kuɗin sun kai naira tiriliyan 1 da biliyan 125. Dukiya mai wannan yawa ba a rabonta da ka.

MATSALOLIN DA AKA SAMU

Ba zan tsaya gabanku in ce aikin ba shi da aibu ba. Kuskure iri biyu ne ke bin kowace rijista a duniya: a sa wanda bai cancanta ba, ko a bar wanda ya cancanta. Na biyun ya fi ciwo, domin wanda aka bari yawanci shi ne wanda ba shi da mai yi masa magana. Har ila yau rijista tana tsufa. Mutane suna mutuwa, ana haihuwa, ana ƙaura, wanda yake da rufin asiri bara ambaliya ko 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa bana. In ba a sabunta ta ba, sai ta zama labarin jiya. Ga shi kuma rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, abin da ke ƙara wahalar sanin yawan mutanen kowane wuri.

Cikin Yuli na 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakka kan ingancin rijistar. Cikin Janairu na 2024 kuma Shugaban Ƙasa ya dakatar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci saboda zargin karkatar da kuɗi, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Ministan Kuɗi don ya gyara tsarin. Babban abin da ya fito daga wannan gyara shi ne a daina miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu, a riƙa biya ta asusun banki ko asusun waya, kuma sai an tabbatar da mai karɓa ta lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, ko lambarsa ta banki, watau BVN.

Hikimar wannan a fili take. Lambar ɗan ƙasa alƙaluma 11 ce, an ɗaure ta da hoton yatsun mutum da fuskarsa, mutum ɗaya lamba ɗaya. Da ita ba a iya ƙirƙiro sunan wanda babu shi, ba a iya rubuta mutum sau biyu, kuma kowace naira tana barin sawu. Amma akwai hatsari a ciki wanda ya kamata mu faɗa wa juna: mutanen da suka fi kowa talauci su ne kuma suka fi rashin wannan lamba, musamman tsofaffi da matan da ba su fita da mazauna ƙauyukan nesa. In ba mu tashi mun taimake su ba, ƙofar da aka gina don korar ɓarawo ita za ta tare mai haƙƙi a waje.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA GARE KU

Na farko, kowa ya je ofishin Hukumar Katin Ɗan Ƙasa ko wata cibiyar da ta amince da ita ya karɓi lambarsa. Yin rijistar farko kyauta ne. Matasa su ɗauki iyayensu da kakanninsu su kai su, magidanta su bar matansu su je. A kuma lura sunan da ke kan lambar ya zo daidai da wanda ke banki da wanda aka bayar a rijista, domin in Hauwa'u ce a nan, Kulu a can, na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ce, sai ta ƙi biya.

Na biyu, kada a gudu in an ga masu ɗaukar bayani. Na san dalilin tsoron. Iyayenmu sun ga zamanin da rubuta sunan mutum ko ƙirga shanunsa ke nufin haraji da jangali, waɗanda sai a 1979 aka soke su a jihohin Kano da Kaduna. Wannan rubutu ba na haraji ba ne. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta hana a yi amfani da bayanin mutum ba bisa ƙa'ida ba.

Na uku, a faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye babur ɗinsa a gidan maƙwabci don a rubuta shi matalauci, gurbin marainiya ya shiga, kuma Allah yana gani. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, ranku ya daɗe, amana tana wuyanku. Ranar taron zaɓe ku tabbata an aika wa na bayan gari, da makafi da guragu, da matan da mazansu suka rasu. Kada a tambayi mutum jam'iyyarsa ko addininsa ko asalinsa, yunwa ba ta tambayar waɗannan.

Na huɗu, ina jan hankalin 'yan'uwanmu mazauna Sabo a Ibadan, da Agege da Idi Araba a Ikko, da sauran unguwannin Hausawa na Kudu, haka kuma 'yan Kudu mazauna Sabon Garin Kano da Zariya. Shirin na Tarayya ne, ana kuma rubuta gida a cikin al'ummar da yake zaune. Kada ku ɗauki kanku baƙi ku noƙe. Sarakunan Hausawa su kusanci ofishin ƙaramar hukumarsu, su san ranar da za a zo unguwarsu.

Na biyar, ku yi hattara da macuta. Ba a sayen fom, ba a biyan ko kwabo don shiga rijista. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunanku, ɓarawo ne. Duk wanda ya bugo waya ko ya aiko da saƙo yana neman lambar sirrin katinku na banki, ɓarawo ne, ko da ya ce daga Abuja yake. In an biya ku, ku ƙirga, kada ku yarda wani ya yanki wani abu da sunan lada. Wanda aka zalunta ko aka tsallake, akwai jami'an karɓar koke a ƙaramar hukuma da jiha, ya je ya shigar da kukansa, ya tabbata an rubuta.

Daga ƙarshe, jama'a, wannan tallafi ba albashi ba ne, ba zai kuma mai da matalauci attajiri ba. Amfaninsa shi ne ya hana gida sayar da akuyarsa ta ƙarshe don sayen magani, ya hana a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla, ya ba uwa ɗan jarin da za ta soma ƙuli-ƙuli ko daddawa. Fita daga talauci sai da noma mai albarka, da ilmi, da lafiya, da zaman lafiya, waɗannan kuwa aiki ne na Gwamnati da jama'a baki ɗaya. Amma kafin a kai can, wajibi ne mu san su wane ne mabukatanmu, da sunansu da inda suke, mu kuma tsare haƙƙinsu. Ina roƙon duk wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga wanda bai ji ba, a masallaci da coci, a kasuwa da tasha, da wurin suna da biki.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya ba ƙasarmu Nijeriya lafiya da wadata, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.